Kuturtar gyaɗa: Yadda ƙwayoyi uku ke raba aiki su kassara gona

A daminar 1975 wata annoba ta faɗa wa gonakin gyaɗa a Arewacin Najeriya, ta lalata kimanin hekta 700,000, asarar da aka ƙiyasta ta kai dala miliyan 250. Ta zo ne bayan shekarun fari, a lokacin da dalar gyaɗa ta Kano ke gab da zama tarihi. Manoma na kiran cutar kuturtar gyaɗa, domin takan bar shuka a tsugune, ganye a nannaɗe, ƙasa kuwa babu 'ya'ya.

Tun 1907 aka fara bayyana cutar a Tanganika, wato Tanzaniya ta yau, amma sai bayan shekaru da dama masana suka gano cewa ba ƙwayar cuta ɗaya ce ke haddasa ta ba. Abubuwa uku ne, kowanne da umarnin da ke rubuce a ƙwayoyin gadonsa.

Na farko bairos ne mai suna GRV. Bangarorin gadonsa huɗu ne: biyu na sarrafa sinadarin da ke kwafar bairos ɗin a cikin tantanin shuka, ɗaya na buɗe masa ƙofa daga tantani zuwa maƙwabcinsa, ɗaya kuma na kare shi yayin da yake bin jijiyoyi zuwa sabon ganye. Sai dai ba shi da umarnin ƙera rigar furotin, kuma idan babu riga ƙwaro ba ya iya ɗaukarsa.

Na biyu ɗan guntun RNA ne, ɗan rakiya, wanda ba ya iya hayayyafa sai da taimakon GRV. Duk da ƙanƙantarsa, shi ne ummul'aba'isin alamomin cutar. Nau'insa ne ke sa ganye ya koma ruwan ɗorawa, ko ya yi kore shar amma shukar ta tsumbure.

Na uku shi ne GRAV. Shi kaɗai kusan ba ya nuna wata alama, amma shi ke da riga. A cikinta GRV da ɗan rakiyarsa ke ɓuya, darɓa ta tsotse su tare da ruwan ganye, ta kai wa shuka ta gaba. Saboda haka shukar da ta kuturce amma babu GRAV a jikinta, cutar a nan take tsayawa.

Wannan ilimi yana da amfani ga masu tsara manufofin noma. Cutar ba ta bin iri, darɓa ce ke yaɗa ta, kuma shuka da wuri tare da matse tazara na rage saukar ƙwaron. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, Zariya, da haɗin gwiwar ICRISAT, ta fitar da iri masu juriya, irin su SAMNUT 23 da SAMNUT 24. Yawancin irin da ke jure kuturta na daƙile GRV ne, wanda hakan ke hana ɗan rakiya motsi, amma GRAV na iya zama a jikinsu. Ke nan rigar na nan a gona tana jiran mai sawa.

Don haka kuɗin binciken iri da na malaman gona ba abin da za a yanke ba ne don an ga 'yan shekaru na sauƙi. Wanda ke duba kasafin noma a Abuja ya tuna cewa a 1975 damina ɗaya ta isa.