Takobin kokowa: faɗuwa ɗaya ta isa

Kai mai karatu, in ɗari ya shigo, an gama girbi, me kake ji a rediyo? Kokowa. A Tagriss ma mutane sukan kewaye akwatin rediyo, suna sauraren Muryar Sahel. Bari mu ga yadda ake cin takobi.

An fara wannan gasa ta ƙasa a Tahoua a shekarar 1975, zamanin mulkin Seyni Kountché. Wanda ya fara ɗaukar takobin ɗan jaharmu ne, Yakuba Ango, wanda ake kira Kantu. Filin kokowa na Maradi sunansa aka sa masa.

Mu ɗauki karo na 44, wanda aka yi a Agadas cikin watan Disamba na 2023. Nijar na da jaha 8. Kowace jaha ta kawo ƴan kokowa 10. To, yi lissafi da kanka: 8 sau 10, mutum 80 ke nan. Takobi kuwa guda ne tak.

Kafin yaro ya shiga cikin 10 ɗin Maradi, ya sha wuya. Sai ya yi kaye a garinsu, ya yi a Dakoro, sannan a gwada shi da ƙartin sauran gundumomi.

A filin gasa, jaha tana karawa da jaha, kowa da abokin karonsa. Ga inda maganar take: in an kada kai sau ɗaya, kai da takobi sai baɗi. Ko ƙafarka ce ta goce a rairayi, ba a duba wannan. Za ka ci gaba da kokowa don jaharka ta samu maki, amma sunanka ya fita daga cikin waɗanda ba su faɗi ba. Kullum da yamma a sake ƙirga su, suna ta raguwa, har a kai ga mutum 2. A ganina, wannan doka ce ke sa gasar daɗi, ko da yake tana sa wasu su tsaya gadi, su ƙi kai hannu, ƴan kallo su yi ta ihu.

Turawa ma suna da irin wannan tsari. A Ingila akwai wata ƙwallo mai kama da ƙwai, ana ce mata rugbi, mutum 13 kowane gefe. Tun 1897 suke ba da kofi, ƙungiyar da aka ci ta koma gida. Ƙungiyar garin Batley ce ta fara ɗauka.

A Agadas, Kadri Abdu na Dosso, wato Isaka Isaka, shi ne ya rage a tsaye. Mutum 79 sun faɗi, shi bai faɗi ba. Takobinsa na 6 ke nan.