Gaiwa, Tarwaɗa Da Samon: Abubuwan Ban Mamaki A Taƙaice

A ƙaramar hukumar Korahane, cikin gundumar Dakoro, babu kogin da ke gudana rani da damina. Ruwa sai na rijiya da na tabkunan damina, kifi kuwa sai banda da busasshe ranar kasuwa. Duk da haka, in ana zancen dabarar tafiya da ta haihuwa, kifayen irin wannan ƙasa tamu, inda ruwa ke zuwa wata uku ya ɓace wata tara, ba su da abin jin kunya gaban na kowace ƙasa.

A fara da gaiwa. Idan fadama ta soma janyewa, sauran kifaye na ta fagamniya cikin ɗan ruwan da ya rage, ita sai ta kutsa cikin laka, ta naɗe jikinta, wutsiya ta rufe fuska, baki na kallon sama. Yauƙin da ke fita daga fatarta ya bushe ya zama mata kwanso, sai ƴar ƙofa guda da iska ke shiga. Haka za ta kwanta wata bakwai ko takwas, ba ci ba sha. A ɗakin bincike an ga wadda ta haura shekara 3 a haka, aka zuba mata ruwa ta farka. Maganar da Hausawa ke yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce tsantsa, don tsokarta take narkarwa kaɗan-kaɗan tana rayuwa da ita. Huhu gare ta: ka danne ta ƙarƙashin ruwa ka hana ta leƙo sama, mutuwa za ta yi, alhali kifi ce. Masu nemanta da rani ba koma suke ɗauka ba, hauya suke saɓawa, suna bin tsattsagaggiyar laka suna duba ƴar ƙofar nan.

Wajen haihuwa, namijin gaiwa ne ke shan wahala. Da ruwa ya dawo zai haƙa rami cikin ciyawar fadama, mace ta zuba ƙwai ta kama gabanta, shi ya zauna gadi yana kaɗa wutsiya don ruwan ramin ya riƙa samun iska. Wani ɗan Ingila, John Samuel Budgett, ya yi bayanin waɗannan ramuka bayan ya sha shiga fadamun kogin Gambiya wajen 1900. Zazzaɓin da ya kwaso a Neja Delta a 1903, garin neman ƙwan wani kifin, shi ya yi ajalinsa a farkon 1904, yana ɗan shekara 31.

Tarwaɗa ita tafiya take a tudu. Tana da wata tsoka mai rassa cikin kai da take shaƙar iska da ita, saboda haka a daren da aka tafka ruwa takan fita daga tabkin da ya ishe ta, tana dogara ƙayoyin gefenta tana jan ciki cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa har ta faɗa wani. Da dare take zuba ƙwai, a wurin da sabon ruwa ya malale ciyawa. Ƙwan ya manne a ganye, kwana ɗaya zuwa biyu ya ƙyanƙyashe, uwa da uba sun daɗe da tafiya. Cikin ƴaƴan, wanda ya riga girma shi ke haɗiye ƴan'uwansa, abin da ya sa masu kiwo ba sa wasa da ware manya daga ƙanana. A kwamin kiwo kuma tarwaɗa ba ta yarda ta haihu don kanta. Sai an yi wa macen allura, a tatse ƙwan cikin roba, namijin kuwa yawanci yanka shi ake a ciro abin da ake buƙata. Wanda ke cin farfesun tarwaɗar kiwo a Maraɗi ko Kano, to maraya yake ci.

Yanzu a leƙa ƙasashen sanyi, wurin samon, kifin da duniya ta fi sani da dogon zango. Macen na haƙa gurbi da wutsiya cikin tsakuwar ƙorama, ta zuba ƙwai ta rufe. Ƴaƴan kan zauna a kogin shekara 1 zuwa 3, a can arewa mai nisa har fiye da haka, kowane na tsare ɗan wurinsa bayan dutse yana korar na kusa. Sannan jikinsu ya rikiɗe ya koma fari fat mai ƙyalli, ƙodarsu ta shirya wa ruwan gishiri, su gangara teku, galibi da dare, sau da yawa ma da baya-baya, kai na fuskantar inda suka fito. Na Turai kan kai har gaɓar Girinlan neman abinci. Na kogin Yukon, tsakanin Alaska da Kanada, akwai masu hawan sama da kilomita 3,000 kan hanyar komawa gida, ba tare da sun ci komai ba, su haihu su mutu a wurin.

Ta yaya suke gane ƙoramar da aka haife su? Da hanci. A shekarun 1970 Arthur Hasler da abokan aikinsa a Wiskonsin ta Amurka suka saba wa ƙananan samon da ƙanshin wani sinadari, suka sake su a tabkin Mishigan. Da lokacin haihuwa ya yi, suka ɗiga sinadarin a wata ƙorama da kifayen ba su taɓa shiga ba. Can suka nufa.

Amma abin da ya fi ba ni dariya a sha'anin samon shi ne waɗanda ba sa zuwa ko'ina. Wasu ƙananan maza sukan balaga tun suna cikin kogi, tsawonsu bai wuce santimita 10 zuwa 15 ba, teku ko a mafarki. Ga ƙaton namiji ya dawo daga tafiyar shekaru, baki ya lanƙwashe, yana ta dambe da sauran ƙatti kan mace, shi kuwa ɗan ƙaramin yana laɓe gindin dutse daf da gurbin. Da mace ta saki ƙwai sai ya yi wuf ya shige ƙarƙashinsu, ya yi abin da ya kawo shi, ya fice. Gwajin ƙwayoyin gado ya nuna a wasu koguna kashi ɗaya cikin uku na ƴaƴan, ko fiye, nasu ne. Ɗan hakin da ka raina ke nan.

Karfasa ma ta san wannan lissafi. A babban ruwa takan yi girma kafin ta fara haihuwa, amma a ƙaramin tabki mai cunkoso sai ta balaga tana ƴar mitsitsiya, tabki ya cika da ƴaƴa, babu na sayarwa ko ɗaya. Namiji ke share gurbi zagayayye a ƙasan ruwa, mace ta kwashe ƙwan a baki ta riƙe har kusan mako biyu ba ta cin komai, bayan ta sake su ma in sun tsorata bakin nata suke komawa. Ga wani abin mamakin: in ruwa ya yi zafi ya kai wajen digiri 36 a kwanakin farko na rayuwar ƴaƴan, da yawa cikin waɗanda da mata za su zama sai su tashi maza.

Namu mai dogon zango yana Tabkin Cadi. Wani ɗan'uwan kawara, wanda mutanen Cadi ke kira salanga, kan bar tabkin ya hau kogunan Shari da Logon, ɗaruruwan kilomita, ya zuba ƙwai lokacin ambaliya. Ƴaƴan su yi ƙiba a fadamun Yayere na arewacin Kamaru, ruwa na janyewa su gangaro tabki ta rafin El Beid, masunta na jiransu a hanya. Farin shekarun 1970 ya karya wannan zirga-zirga ƙwarai, tarwaɗa da karfasa masu jure wuya suka mamaye kamun.

Yauni, ɗan sarki, gida yake saƙawa da ciyawa yana yawo bisa ruwa, ya zuba manyan ƙwai wajen 1,000 a ciki, kuma masunci ya san ba a kai hannu wurin. Yana iyo da baya yadda yake yi da gaba, ba ya karo da komai, saboda wata ƴar wutar lantarki da yake saki yana laluben hanya da ita. Hans Lissmann na jami'ar Kambirij ya gano haka a 1951.

Hamada ma ta taɓa zama gidan kifi: a Gobero, cikin Tenere, inda tawagar Paul Sereno ta ci karo da tsohuwar maƙabarta a 2000, an tono ƙasusuwan giwan ruwa da masun kamun kifi na ƙashi. Shekaru wajen 9,000 da suka wuce tabki ne a wurin, mutanen kuma masunta ne.

Sai tambayar da yara ke yi kowace damina: tabkin da ya bushe ƙayau, ba gulbin da ke shiga cikinsa, daga ina kifi ya zo? Wasu su ce da ruwan sama ya faɗo. Amsa ɗaya tana cikin ƙasar tabkin. Akwai wasu ƴan kifaye da ba su kai yatsa ba, masu rayuwar damina guda, waɗanda ƙwansu ke kwana cikin busasshiyar laka duk rani, ruwa na taɓa shi ya fashe. Ɗaya daga cikinsu sunan kogin Kiyawa na wajen Katagum masana suka laƙaba masa tun 1928, don can aka fara samo shi. Ɗan'uwansa na Mozambik cikin kwana 14 yake balaga, babu wata halitta mai ƙashin baya da aka sani ta riga shi.

Wata amsar tana sama. A wani gwaji da aka buga a 2020, masana a Hangari sun ciyar da agwagin ruwa ƙwan kifi wajen 8,000. Guda 18 suka fito lafiya cikin kashinsu, 3 har suka ƙyanƙyashe. Kaɗan ne, amma a tuna yawan tsuntsayen da ke sauka a tabkin Madarunfa su tashi su nufi wasu. Sau da yawa kuwa amsar ba ta kai haka nisa ba: ma'aikatan gandun daji ne ke zuwa da ƴaƴan tarwaɗa da karfasa cikin duro a bayan mota, su juye a tabkin gari, su ce kada kowa ya jefa taru sai bayan watanni.