Dokokin Ajin Badujala a Makarantun Amurka

A makarantun gwamnati da yawa na Amurka, kiɗan badujala darasi ne da ke cikin jadawalin karatu, yana da malaminsa da ɗakinsa, kuma ana ba da maki a kansa kamar yadda ake bayarwa a lissafi ko tarihi. Badujala, wadda mutanen ƙasar Hausa suka sani daga faretin soja da na 'yan sanda, ƙungiya ce ta masu busa da masu ganga, kuma yawancin yaran Amurka suna fara koyon ta ne a aji biyar ko shida, lokacin da suke da shekara 10 ko 11. A farkon shekarar karatu malamai da yawa sukan raba wa ɗalibai takardar dokoki wadda yaro da iyayensa za su sa wa hannu, kuma duk wanda ya karanta irin wannan takarda zai ga ta fi ta sauran darussa tsauri. Dalilin tsaurin shi ne aikin na tarayya ne, domin kuskuren ɗalibi a lissafi yana tsayawa a takardarsa, amma kuskurensa a busa yana shiga kunnen kowa, ya ɓata abin da mutum sittin suka yi makonni suna haɗawa.

Wani ɓangare na wannan tsari gado ne daga bariki. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda ya ƙare a 1918, mabusa da yawa da aka horar a rundunar sojan Amurka sun koma gida sun kama aikin koyarwa, suka shigo makarantu da yunifom da fareti da biyayya ga umarni. Kamfanonin ƙera kayan busa, waɗanda ke neman sabuwar kasuwa, su ne suka ɗauki nauyin gasar badujalar makarantu ta ƙasa da aka yi a Chicago a 1923, kuma tun daga lokacin gasa ta zama jigo a rayuwar waɗannan ƙungiyoyi. Har yau a jihohi da dama alƙalai suna sauraron ƙungiya su ba ta daraja daga ta ɗaya, wadda ita ce mafi girma, zuwa ta biyar, kuma a wasu wuraren akan miƙa wa yara rubutun kiɗan da ba su taɓa gani ba, a ba su 'yan mintoci su duba, sannan su busa shi nan take.

Dokar farko ta shafi lokaci, kuma ma'anar zuwa da wuri a wannan aji ta wuce a ga ɗalibi a bakin ƙofa idan an buga ƙararrawa. Ana so ya ɗauko akwatinsa, ya harhaɗa abin busarsa, ya jera takardunsa a kan ma'ajin da ke gabansa, ya ɗumama leɓɓansa da dogayen sautuka, duk cikin 'yan mintocin farko. Daga nan sai daidaita sauti, wato kowane ɗalibi ya saurari amo guda da aka ba da a matsayin ma'auni, ya ɗan zaro wata gaɓa ta abin busarsa idan sautinsa ya yi sama, ko ya tura ta ciki idan ya yi ƙasa, domin tsawon bututu shi ke yanke kaifin amo. Ma'aunin da aka fi bi a duniya shi ne girgiza 440 a daƙiƙa guda ga amon da ake kira A, kuma idan mabusa biyu suka ɗan saɓa da juna, kunne yakan ji wata rawa a cikin sautin, wadda ba ta gushewa sai sun haɗu. Wannan aiki ba ya yiwuwa cikin hayaniya, shi ya sa da zarar malami ya hau ɗan dandamalinsa ya ɗaga sandar jagora, magana takan ɗauke, kuma idan ya tsayar da kiɗa don ya gyara wa masu kilarinet wata gaɓa, ba a yarda mai ganga ya ci gaba da taɓa fatarsa ko da a hankali ba. Akwai kuma ƙaramar doka da kusan kowane malami ya dage a kanta, ita ce ta zuwa da fensir kullum, saboda gyaran da aka faɗa ba a rubuta ba yakan ɓace kafin washegari, biro kuwa an hana shi domin takardun mallakar makaranta ne, kuma wasu yara za su gaje su baɗi.

Dokokin kula da kaya su ne suka fi yawa, kuma mafi yawansu suna da dalili na zahiri. An hana cingam da abinci da lemon kwalba domin numfashi yana kwasar sukari ya kai shi cikin bututu, inda yake sa maɓallan kilarinet da saksofon su riƙa mannewa, ya kuma tara datti a cikin ƙahonin tagulla. Kilarinet da saksofon suna yin sauti ne ta hanyar wani siririn ɓallin kara da ake ɗaurewa a bakin busa, wanda ke girgiza idan iska ta ratsa shi, kusan yadda bakin algaita yake yi, kuma ana sayar da shi da lambobin ƙarfi, masu koyo sukan fara da lamba 2 ko 2.5. Ɓallin yana tsagewa da ɗan gogar haƙori, saboda haka akan buƙaci yaro ya riƙe uku ko huɗu masu kyau a akwatinsa. Mai ƙaho zai ɗiga mai a maɓallansa, mai sarewa zai zura tsumma ya tsane raɓar numfashi kafin ya rufe akwati, kuma ba a yarda kowa ya ɗauki abin busar wani ba, ko ya buga ganga idan shi ba ɗan sashen ganguna ba ne. Mai turombon ya fi kowa sanin amfanin wannan doka, domin bututunsa mai zamewa, idan ya samu lotsewar da ido da ƙyar zai gani, ba zai ƙara tafiya sumul ba sai an kai shi wurin mai gyara.

Sai bita a gida, wadda malamai da yawa ke ƙayyade wa masu farawa minti 20 zuwa 30 a rana, wasu har da katin da iyaye za su sa wa hannu kowane mako. Hujjar dokar tana da ƙarfi, domin naman leɓe da yatsu suna ƙarfafa ne da aikin yau da gobe, kuma lokacin aji na haɗa sassa ne, bai isa kowa ya koyi nasa kason a ciki ba. Katin kansa kuwa abin dubawa ne, tunda mintoci yake aunawa, kuma yaron da ke zaune a ɗaki mai maƙwabta ta kowane ɓangare ba zai iya busa ƙaho da dare ba ko da yana so. Gwajin busa, inda ɗalibi ke busa 'yan layuka shi kaɗai a gaban malami ko ya naɗa ya aika, ya fi nuna gaskiya. Da irin wannan gwaji ake raba kujeru, wato jerin zama a kowane sashe, inda mai kujera ta farko yake jagorantar 'yan'uwansa kuma yake busa wuraren da aka ware wa mutum ɗaya. Tsarin yana zaburar da wasu, amma yana iya karya zuciyar yaron da ya daɗe a kujerar ƙarshe, kuma malami mai hikima yakan riƙa juya kason da kowa ke busawa don kada wani ya ɗauka ba a buƙatar sa.

Babu dokar da ake tsanantawa kamar ta halartar ranar nuna kiɗa a gaban jama'a, wadda a makarantu da yawa ita ce a madadin jarrabawa, kuma rashin zuwa ba tare da uzuri mai ƙarfi ba yana zubar da maki sosai. Ƙungiyar ƙwallo tana da 'yan benci da za su maye gurbin wanda bai zo ba, badujala kuwa kowa yana cikin fili. Abin ya fi fitowa a badujalar fareti ta manyan makarantun sakandare, wadda ke zana siffofi a filin ƙwallon Amurka lokacin hutun rabin lokaci, inda kowane ɗalibi ke da tabonsa a cikin zanen, kuma takun da aka fi koyarwa shi ne taku takwas a yadi biyar, wato inci 22.5 kowane taku. Idan mutum ɗaya bai zo ba, gibinsa yana bayyana ga dubban 'yan kallo, kuma waɗanda ke gefensa sun rasa wanda za su daidaita layi da shi.

Da yake irin wannan himma tana iya cinye karatun yaro, wasu dokokin suna ɗaure malamai da makarantu ne. A jihar Texas, inda gasar badujala ta yi ƙamari, an kafa doka a 1984 wadda ta hana ɗalibin da ya kasa samun maki 70 a wani darasi shiga wasanni da gasa na wani lokaci, kuma an taƙaita atisayen fareti a wajen lokacin makaranta zuwa awa takwas a mako. Lafiyar kunne ma ta fara shiga takardun dokoki, domin ma'aunin da hukumar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka ta shawarta shi ne kada a wuce awa takwas a cikin ƙara mai ƙarfin desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba wannan lokaci biyu, alhali yaron da ke zaune gaban ƙahoni ko kusa da ganguna yakan sha ƙarar da ta wuce haka. Abin da takardun suka fi yin shiru a kansa shi ne kuɗi, wato hayar abin busa kowane wata, da ɓallayen kara, da baƙaƙen tufafin ranar nuni, da kuɗin motar zuwa gasa. Makarantu sukan ba da aron manyan kaya irin su tuba da ganguna, kuma ƙungiyoyin iyaye sukan tara gudummawa don cike gibi, amma inda babu irin wannan tallafi, dokar da ta ce kowa ya zo da kayansa cikakku tana sallamar ɗan talaka daga ajin tun kafin a ji ko yana da baiwa.