Yadda Ake Bin Zaren Wasiƙun Imel

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san fayil. Idan wasiƙa ta zo, akawu zai ba ta lamba ya soke ta a ciki, amsarta ta biyo baya, haka har magana ta ƙare. To, imel, wato wasiƙar da ake aikawa ta intanet, shi ma haka yake tafiya, sai dai na'ura ce akawun. Kowace wasiƙa tana ɗauke da wata lamba a ɓoye, amsa kuwa tana ɗauke da lambar wasiƙar da ta amsa. Da wannan lamba, da kuma kan magana, na'ura take jera su wuri ɗaya. Wannan jeri shi ake kira zare. Gmail, wanda ya fito a 2004, ya taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan tsari.

A ce wata jam'iyyar gama kai ta manoman citta a Kachia ko Kwoi tana ciniki da wani ɗan kasuwa a Legas. Wasiƙar farko ta faɗi farashi, ta uku ta rage shi, ta shida ta ɗaga ranar lodi. Sakataren da ya karanta guda ɗaya kawai ya ɗauko mota daga Kafanchan, lalle zai jawo wa jam'iyyarsa hasara. Saboda haka wajibi ne a karanta zare tun daga farko, ana duba kwanan wata da sunan mai aikowa. A lura kuma, Gmail yakan sa sabuwar wasiƙa a ƙasa, amma tsofaffin maganganun da ke liƙe a gindin kowace amsa, mafi sabunta ce a sama. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa.

Har ila yau zare yakan rabu, kamar yadda hanyar jirgin ƙasa da ta taso daga Fatakwal ta rabu a Kafanchan, ɗaya ta nufi Kaduna, ɗaya ta nufi Jos. Idan ma'aji ya amsa wa mai saye shi kaɗai, shugaba kuma ya amsa wa kowa, an sami rassa biyu ke nan, na wannan reshe bai san abin da ake ciki a wancan ba. Maganar da ta shafi jam'iyya duka a amsa wa kowa. Kada a canja kan magana a tsakiya, domin a Gmail yin haka yakan yanke zaren. Sabuwar magana kuwa, a buɗe mata sabuwar wasiƙa. Cusa maganar taki a zaren cinikin citta ragwanci ne.

Abin da ya fi haɗari shi ne ɓarawo yana iya kutsawa cikin zare. Yakan saci kalmar sirrin wani, ko ya buɗe adireshi mai kama da na gaskiya wanda harafi ɗaya kawai ya bambanta, sa'an nan ya aiko da amsa mai alamar "Re:" tare da duk tsofaffin wasiƙu a gindinta, yana cewa an canja lambar asusun banki. Ganin tsofaffin wasiƙun ba shaida ba ce ko kaɗan, kowa yana iya kwafe su. Kafin a tura ko kwabo, a duba adireshin harafi da harafi, a kuma buga wa mutumin waya ta lambar da aka sani tun da, ba wadda ke cikin wasiƙar ba.

Wanda aka riga aka cuta ya sanar da bankinsa nan da nan, sa'an nan ya kai ƙara wurin 'yan sanda ko Hukumar EFCC, domin dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan zamba. Kada ya goge zaren, masu bincike za su bukace shi.