Tsantsa, Gauraye da Gado: Kalmomi Masu Yanke Hukunci a Muhawarar Harsunan Kwamfuta

Masana ilimin ma'ana sun daɗe da lura cewa wasu kalmomi ba bayyana abu kawai suke yi ba, har da yabo ko zargi suke ɗauke da shi a ɓoye. Muhawarar masu rubuta manhaja game da harsunan da ke tsara aiki bisa "abubuwa" misali ce mai kyau ga ɗalibin harshe, domin a nan ake zaton lissafi ya kori son rai.

Tushen wannan tsari shi ne harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a ƙasar Nowe. Manufarsa ita ce a haɗa bayanai da ayyukan da ake yi da su cikin ƙunshi guda, a kira shi "abu". A shekarun 1970 Alan Kay da abokan aikinsa a cibiyar binciken Xerox ta Amurka suka fito da Smalltalk, inda komai abu ne, har lambobi. Shi kuwa Bjarne Stroustrup, daga 1979 ya fara ɗora wannan tsari kan harshen C, aikin da ya zama C++.

Daga nan sai aka riƙa kiran Smalltalk "tsantsa", C++ kuma "gauraye". A zahiri bambancin fasali ake nufi: wancan hanya ɗaya ya yarda da ita, wannan kuwa ya bar wa mai rubutu hanyoyi da dama. Amma kalmar tsantsa tana jawo tsarki a zuciyar mai sauraro, gauraye kuma yana jawo algus. Wanda ya karɓi waɗannan sunaye ya sha kaye tun kafin a fara gardama, don ya koma neman uzuri ga harshensa maimakon ya nuna amfaninsa. Magini a Malbaza, garin da aka san shi da masana'antar siminti, zai yi mamakin wannan ma'auni. Ba ya zuba ginshiƙi da tsantsar siminti. Sai ya cuɗa shi da yashi da tsakuwa, kuma cuɗin ne ƙarfin ginin. Ke nan darajar da aka ba "tsantsa" daga wani fage aka aro ta, ba daga aikin ba.

Sunan tsarin kansa bai tsira ba. A 1998 Kay ya bayyana nadamarsa kan fifita kalmar "abu", yana mai cewa aika saƙo tsakanin sassan manhaja shi ne ginshiƙin tunaninsa. Sunan ya karkatar da hankalin jama'a zuwa ga suna, alhali mai shi aikatau yake nufi. Kafin haka, a 1987, Peter Wegner ya shata iyaka: harshen da ba shi da rukunai da gado "mai amfani da abubuwa" ne kawai, bai cika ɗan gida ba. Ma'anar da aka gindaya ta zama ƙofa, mai gindaya ta kuma ya zama mai gadi.

Kalmar gado ce ta fi shafar mu. Ɗalibin Tawa ko Birnin Ƙonni yana koyon darasin da Faransanci, inda ake cewa héritage, sai ya fassara wa kansa da "gado". To, a wajen Bahaushe ba a cin gado sai mai dukiya ya rasu, sannan a raba, kowa ya ɗauki kasonsa, abin da ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. A manhaja ba haka abin yake ba: rukunin uwa yana nan da ransa, kowane rukunin ɗa yana samun siffofin gaba ɗaya, kuma in aka sauya uwar, ƴaƴan duka sun sauya nan take. Wannan dogaro shi ne ainihin abin da masu sukar tsarin ke kuka da shi, amma kalmar gado ta lulluɓe shi. A ganina "tsatso" ya fi kusa, domin reshe bai rabu da saiwarsa ba, kuma ciwon saiwa yakan bayyana a ganye.