Shin Ko Kun San? Tiyatar Zuƙe Kitse

Shin ko kun san cewa a cikin duk tiyatar gyaran surar jiki, zuƙe kitse ce aka fi yi a duniya a shekarar 2022 da ta 2023? Ƙididdigar ƙungiyar likitocin fannin ta duniya, ISAPS, ta nuna an yi ta fiye da sau miliyan 2 a kowace shekara daga cikinsu.

Ga yadda ake yi: likita zai ɗan tsaga fata, ya cusa siririn bututun ƙarfe ƙarƙashinta, ya riƙa kai da komo da shi yana farfasa kitse, na'ura kuma tana zuƙewa. An fi yi a ciki da ƙugu da cinya da damtse da ƙasan haɓa.

Farkonta bai yi daɗi ba. A shekarun 1920 wani likita a Faransa, Charles Dujarier, ya yanke kitsen ƙafar wata matashiya, naman ya ruɓe, sai da aka yanke ƙafar. An shafe shekaru likitoci na gudun aikin. Sai a tsakiyar shekarun 1970 uba da ɗansa, Arpad da Giorgio Fischer, suka fito da bututu mai zuƙa a Italiya, sannan Yves-Gérard Illouz ya kyautata dabarar a Paris da bututu maras kaifi. A 1987 Jeffrey Klein, likitan fata a Kalifoniya, ya bayyana dabarar cika wurin da ruwan gishiri haɗe da maganin kashe zafi da na tsuke jijiyoyin jini, abin da ya rage zubar jini ƙwarai.

Shin ko kun san ba maganin ƙiba ba ce? Nan ne mutane suka fi ruɗuwa, kuma nan na fi son ku tsaya. Kitsen jiki iri biyu ne: akwai na ƙarƙashin fata, wanda za ku iya kamawa da yatsu, akwai kuma wanda ya lulluɓe hanji da hanta can ciki. Na farkon kaɗai bututun likita yake kaiwa, alhali na biyun ne ya fi alaƙa da ciwon suga da ciwon zuciya. Mai tumbi tauri kamar ganga, yawancin kitsensa na ciki ne, ba abin da za a zuƙo masa na a zo a gani. A 2004 masu bincike a Jami'ar Washington ta St. Louis sun zuƙe wa mata 15 masu ƙiba kitse kusan kilo 10 kowacce. Bayan makonni aka auna su: hawan jini da suga da maiƙon jini duk suna nan yadda suke.

Kitsen yana dawowa? Ƙwayoyin da aka zuƙe sun tafi, amma waɗanda suka rage suna iya kumbura. Wani bincike na Jami'ar Colorado a 2011 ya gano cewa matan da aka zuƙe wa kitsen cinya da ƙugu, cikin shekara guda ya komo, sai dai ya fi taruwa a ciki.

Tiyatar ba ta ɗame fatar da ta saki. Bayan aikin kuma akwai rigar matsi ta makonni, da kumburin da kan kai watanni.

Ba don ado kaɗai ake yin ta ba. Tana taimakon maza masu girman nono, da mata masu larurar taruwar kitse mai zafi a ƙafafu, wanda rage abinci ba ya narkar da shi.

Ƙanƙantar tsagar ce ke sa wasu su raina ta, kuma ina ganin wannan raini shi ne babban haɗarin. Likitocin Amurka na ɗaukar abin da ya haura lita 5 a matsayin babban aiki, mai buƙatar a kwantar da mutum a sa masa ido. Jini na iya daskarewa a jijiya, kitse na iya shiga jini ya kai huhu, bututun na iya kaucewa. Mu ma a Najeriya mun ɗanɗana: a watan Oktoba na 2005, Stella Obasanjo, uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, ta rasu a Marbella ta Sifaniya bayan irin wannan tiyata. A 2009 kotu a Malaga ta samu likitan da laifin sakaci, bayan an tabbatar bututun ya huda mata hanji.