Wanda Ya Ɓoye Ciwonsa da Wanda Aka Ƙaryata

A watan Satumba na 1968, a filin wasa na Wrigley da ke birnin Shikago a Amurka, wani ɗan wasa mai suna Ron Santo yana jiran layi ya zo kansa, sai jikinsa ya ɗauki ɓari, zufa mai sanyi ta keto masa. Shi kaɗai ya san abin da ke faruwa: sugan jininsa ya yi ƙasa. Da ya tsaya gaban mai jifa, Bill Singer na ƙungiyar Dodgers, sai ya ga mutum uku maimakon ɗaya. Da aka wurgo ƙwallo, ita ma uku ya gani. Ya zaɓi ta tsakiya ya kai mata duka, ta tashi sama ta haye katanga. Haka ya sha ba da labarin da bakinsa har ya tsufa.

Wasan da ake magana shi ne besbol, wanda mutanen Amurka da Japan da Kuba suke so kamar rai. Mutum ɗaya ne ke wurgo ƙaramar ƙwallo mai tauri, wani kuma ya make ta da gora, sannan ya ruga ya zagaye tashoshi huɗu kafin a dawo da ita. Idan ƙwallon ta haye katanga, mai dukan da duk abokansa da ke tsaye a tashoshin sun ci. A ranar nan abokansa uku ne a tsaye, don haka duka ɗaya ya kawo ci huɗu, ƙungiyarsa ta Cubs ta yi nasara. 'Yan kallo suna ta sowa, shi kuwa babu abin da ke ransa sai ya isa benci ya jefa alawa a baki kafin ya faɗi.

An haifi Santo a 1940 a birnin Seattle. Yana ɗan shekara 18, daidai lokacin da ƙofar arziki ta fara buɗe masa, likita ya gaya masa yana da ciwon suga, irin wanda ke kama yara da matasa, wanda jiki ke daina samar da sinadarin insulin, sai dai a riƙa yin allurarsa har iyakar rayuwa. Ya ce abin da ya fahimta a lokacin shi ne da wuya ya daɗe a duniya. Ya kuma tabbata cewa idan masu ƙungiya suka ji, za su ɗauki wani mai lafiya su bar shi. Sai ya ja bakinsa ya yi gum.

A 1960 ya shiga babbar gasar ƙasar. A zamanin babu 'yar na'urar nan da ake ɗiga jinin yatsa a ga yawan suga nan take. Jiki magayi, da shi kawai yake aunawa. Idan ya ji jiri ko hannu na rawa, sai ya sha abin zaƙi ya koma fili. Filin Wrigley bai samu fitilun dare ba sai 1988, saboda haka duk wasanninsa na gida a Cubs da rana ya yi su, wasu a cikin zafin bazara. A haka ya yi shekara 15 yana wasa, ya haye katanga da ƙwallo sau 342, aka zaɓe shi cikin gwanayen ƙasa sau 9, ya karɓi kyautar wanda ya fi kowa iya tsaron tasha ta uku shekara biyar a jere.

Sai a watan Agusta na 1971, ranar da ƙungiyar ta keɓe don karrama shi, ya fito ya gaya wa duniya. Abin da ya ji tsoro fiye da shekara goma bai faru ba. Babu wanda ya kore shi. Iyayen yara masu irin ciwonsa suka samu wanda za su nuna wa 'ya'yansu. Daga 1979 ya fara jagorantar tattakin shekara-shekara a Shikago don tara kuɗin binciken maganin ciwon, tattakin da ya tara sama da dala miliyan 60.

Ciwon dai bai ƙyale shi ba. Ya taɓa masa ido da zuciya, ya lalata hanyoyin jinin ƙafafunsa. A 2001 aka yanke masa ƙafar dama daga ƙasan gwiwa, a 2002 aka yanke ta hagu. Mutumin da aka san shi da daka tsalle yana haɗa dugadugansa a sama duk ranar da suka ci wasa a 1969 ya koma tafiya da ƙafafun roba. Amma tun 1990 ƙungiyarsa ta ba shi kujera a ɗakin sharhin rediyon WGN, kuma bai bar ta ba. Ya sa aka yi wa ƙafafun robar ado da launin kayan Cubs, ya ci gaba da zuwa fili. Masu sauraro sun fi son sa saboda ba ya iya ɓoye zuciyarsa: in an ci ya yi ihu, in an ɓarar ya yi nishi kamar an yi masa rasuwa. Tsofaffin da suka gan shi yana saurayi, waɗanda su ma yanzu suke kwance da nasu ciwon, suna kunna rediyo su ji muryarsa su tuna ƙuruciyarsu. Ya rasu a farkon Disamba 2010 yana da shekara 70. Shekara guda bayan haka aka zaɓe shi cikin Zauren Gwarazan besbol da ke Cooperstown, girmamawar da ya daɗe yana jira. Cubs kuwa, da rabon ta da cin babban kofi tun 1908, sai a 2016 ta ci, shi yana ƙasa.

Na biyun, wanda aka ƙaryata, shi ne mai jifa J.R. Richard, baƙar fata ɗan jihar Louisiana, wanda aka haifa a 1950. Dogo ne ƙaƙƙarfa, tsayinsa ya ɗan haura mita biyu, jifarsa kuma tana kai gudun kilomita 160 a awa. A ƙungiyar Astros ta birnin Houston ya fitar da masu duka 303 a 1978, ya ƙara da 313 a 1979. A watan Yuli na 1980 shi aka ba ya buɗe jifa a wasan gwanayen ƙasa. Yana kan ganiyarsa.

Shi bai ɓoye komai ba. Makonni yana cewa hannunsa na dama yana mutuwa, yatsunsa ba sa ji, ganinsa yana dushewa. Aka dubi girman jikinsa aka ƙi yarda. Wasu 'yan jarida suka ce ragwanci ne, wasu suka ce kishin albashin abokin wasansa ke damunsa, har da masu raɗe-raɗin ƙwaya. Mutane da dama daga baya sun ce da farar fata ne da ba a yi saurin ƙaryata shi haka ba. An yi masa gwaji an ga toshewa a hanyar jinin da ke zuwa hannun, aka ce ba ta kai a yi aiki ba. Ranar 30 ga Yuli, 1980, yana ɗan motsa jiki a filin Astrodome, ya yanke jiki ya faɗi. Jini ya daina isa wani sashe na ƙwaƙwalwarsa, ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Yana da shekara 30.

An ceto ransa, ya yi ta fafutukar dawowa, amma bai sake jifa a babbar gasa ba. Dukiyarsa ta salwanta a wata harkar mai ta damfara, aure ya mutu, gida ya tafi. A wajen 1994 zuwa 1995 mutumin da filaye ke cika dominsa yana kwana a ƙarƙashin gada a Houston. Wani limamin coci da tsofaffin abokai ne suka tsamo shi. Ya miƙe, ya zama mai wa'azi, ya riƙa koya wa yara wasa da tallafa wa marasa matsuguni, har ya rasu a watan Agusta na 2021 yana da shekara 71.

Babu mai buga besbol a Bichi ko Ɗambatta, amma duk wanda ya san ƙauyukan arewacin Kano ya san irin mutanen nan biyu. A ƙasar Makoɗa da Kunchi da Tsanyawa da Minjibir, inda gona take jikin gona, babu saura balle a huta, ƙarfin magidanci shi ne jarinsa. Gero da dawa da gyaɗa da wake ba sa jiran mai jinya. Shi ya sa magidanci zai ga yana kwana fitsari, ƙishirwa ba ta barinsa, yana ramewa alhali yana cin tuwonsa, har ya ga tururuwa na taruwa inda ya yi fitsari, ya ce basir ne ko shawara. Tsoronsa irin na Santo ne, kada a ce ya gaza. Suga kuwa yana kashe jin ƙafa a hankali. Ƙaya ta soke shi a wurin huɗa ko fartanya ta sare shi a wurin noma, bai ji ba. Ranar da wari ya tona asirin gyambon, aka ɗauko shi zuwa Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano, sau da yawa maganar da ta rage ita ce inda za a yanke.

Irin Richard ma muna da su, kuma mata sun fi yawa a cikinsu. Uwar gida ta ce kanta na sarawa, hannunta na yin nauyi, a ce son jiki ne ko kishi. Saurayi majiyi ƙarfi ya ce yana ganin jiri, a ce gudun gona yake. Ranar da baki ya karkace, magana ta sarƙe, hannu ya saki, sai a ce iska ce ko jifa, a rufe ɗaki a kunna turare. Alhali mafi yawan shanyewar ɓarin jiki daga hawan jini take, suga kuma yana ƙara haɗarinta, kuma awannin farko su ne masu tsada. Addu'a ba ta hana ɗaukar mara lafiya a mota. A yi ta a kan hanya.

Akwai kuma abin da ke zuwa bayan an sallamo mutum daga asibiti, a nan ne labarin mutanen biyu ya rabu. An ba Santo kujera a tsakiyar abin da yake so, ya yi shekara takwas bayan yanke ƙafafunsa yana da amfani ga jama'a. Richard da ya daina jifa sai aka watse aka bar shi. A garuruwanmu akwai dattawan da suka yi tashe a dambe da kokawa da langa lokacin kaka, waɗanda in aka ambaci Shago ko aka sa waƙar Ɗan Anace za ka ga fuskarsu ta washe. Wasu cikinsu yau suna kwance a ƙuryar ɗaki, ɓari ɗaya a shanye, ba a shiga wurinsu sai da kwanon abinci. Ciwon bai taɓa abin da ke kansu ba. Sun san iyakar kowace gona, sun san irin da ke jure fari, sun san wanda ya kayar da wa a wace shekara. A fito da Baba zaure da hantsi, a jingina shi, a kawo masa shawarar gona da ta aure, a bar yara su tambaye shi labarin da. Wannan ma jinya ce, kuma ba ta cin ko kwabo.

Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Awon hawan jini da na suga ba ya ɗaukar minti goma, kuma ana yin sa a asibitocin Bichi da Ɗambatta da ƙananan asibitoci da dama. Mai suga ya riƙa duba tafin ƙafarsa kowane dare, kada ya shiga gona ba takalmi, kada ya bar magani don ya ji sauƙi. Santo ya rayu shekara 52 da ciwon da ya ɗauka zai kashe shi da ƙuruciya, domin ya san sunan ciwonsa kuma ya riƙe allurarsa. Richard ya faɗi gaskiyar jikinsa aka ƙi ji, ya biya da rabin jikinsa. Wajibin mai ciwo ya buɗe baki, wajibin na kusa da shi ya gaskata shi, a kai shi a auna tun yana tafiya da ƙafafunsa.